Tafkin Lauje

Bayan Panshekara, inda tifa ke ɗibar yashi,
akwai wani ruwa da Challawa ta haifa ta yar.
Dā can gwiwarta ne, nan take lanƙwasa,
sai wata damina ta ga hanya ta yi mata nisa,
ta yanke, ta miƙe, ta bar shi kwance a ƙasa
kamar laujen da manomi ya manta bayan girbi.

A bakinsa ubana Ilu ya tsufa,
birgi a kafaɗa, gora a ƙarƙashin ƙirji.
Yakan ce, tafkin nan maraya ne mai uwa da rai.
Sau ɗaya a shekara take leƙo shi,
a tsakiyar Agusta, da dare, ba sallama.
Ta haye gaɓa, ta ratsa ta gonar Tambai,
ta shigo niƙi-niƙi da tsaraba:
karfasa masu ciki, kawara kamar an watsa sulalla,
kurungu mai gunaguni in ya ji hannu,
da tsage ɗaya ko biyu, kada ƙanana su saki jiki.
Su zuba ƙwai a ciyawar da ruwa ya shanye,
’ya’ya su yi ƙiba inda jiya akuya ke kiwo.
In ta tashi komawa ta ɗebi rabonta,
ta bar masa saura, ta ja ƙofa.

Daga nan sai lissafin rani.
Ruwa ya ja baya, ya ɗau zafi, ya yi kaurin kunu.
Kawara ke fara juya farin cikinta sama.
Karfasa ta cije har bazara.
Tarwaɗa ta ɗago baki ta shaƙi iska irin tamu.
Gaiwa kuwa ta nutse a laka, ta naɗe, ta yi gum,
tana cin jikinta kafin a tuna da ita.

To, an ɗaure kogin daga sama, can Ƙaraye.
Shekara bakwai uwa ba ta taka gaɓa ba.
Baba ya jefa birgi ya jawo leda,
ya sake jefawa ya jawo kwaɗo da takalmi wari guda.
Ya rataye shi a zaure. Bai ƙara damina biyu ba.

Ni yanzu ina titin Galadima da wuƙa da sikeli,
ina fasa kwali, ina ɓamɓare ƙanƙara
daga kifin da bai taɓa jin Hausa ba.
Masu saye ba sa tambayar sunansa. Ni ma ban sani ba.

Bana ta zo.
Daren Laraba, muna barci, ta zo da fushin shekara bakwai.
Ta ci katangarmu ta gabas, ta ci madafin Gwaggo Sabuwa,
ta kwashe shinkafar Tambai ana saura kwana ashirin yanka,
da awakinsa uku, ɗaya da tsohon ciki.
Mun kwana a aji, kan benci, muna jin ta tana wucewa.

Da ta janye, na bi sawunta da asuba,
laka har ƙwauri, warin danshi da ruɓaɓɓen kara.
Lauje ya cika har ƙota.
Na durƙusa a gefe, inda ruwa bai kai taƙi ba,
sai ga su, dubu kan dubu, kowanne tsawon allura,
suna juyawa tare kamar an kira su da suna ɗaya.

Hamdala ta taso mini har maƙogwaro.
Na waiga, ga Tambai tsaye a kan abin da dā gona ce,
hannu a baya, yana kallon ruwan da nake kallo.
Na haɗiye ta. Na ce masa, sannu.
Ya ce, sun dawo ko? Na ce, sun dawo.
Ya daɗe bai ce komai ba.

Da yamma na sauko da birgin Baba.
Ɓera ya ci wuri huɗu, darma ta zube rabi.
Ina ta lissafi a zaure, da shi a kan cinya,
wa ya rage a unguwar nan da ya iya ɗinkinsa.